Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Daga Bariki Zuwa Fagen Kimiyya da Fasaha

 

Duk lokacin da rundunar sojan ƙasa ta buɗe ɗaukar kurata, shagunan intanet na unguwanninmu cika suke yi maƙil da samari, har da 'yan mata, kowa riƙe da sakamakon jarrabawarsa da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Sha'awar kaki abu ne mai kyau, ƙasa kuma tana bukatar masu tsaronta. Sai dai a cikin masu cika fom ɗin nan, da wuya ka sami wanda ya tsaya ya yi lissafin ranar da zai tuɓe kakin. Bari mu yi masa lissafin. A sanarwar ɗaukar kurata ta shekarun nan, ana ɗaukar mai shekara 18 zuwa 22, in kuma yana da sana'a a hannu har zuwa 26. Wanda ya shiga yana ɗan 20, ko da ya cika shekara 35 da ita ce iyakar aiki, zai fito yana ɗan 55. Da yawa ma ba sa kaiwa nan. Wani rauni ne ke fito da shi, wani kuma da kansa yake ajiye aikin bayan shekara goma ko sha biyar. Zai fito da sauran ƙarfinsa, ga iyali, ga yara a makaranta. To, sai me?

Amsar da muka saba gani da idonmu ita ce gadi, a ƙofar banki ko gidan wani mai hali. Gadi neman halal ne, ba mu raina shi ba. Amma cikin masu zaman bencin nan akwai wanda ya yi shekara 20 yana gyaran rediyon oba-oba, akwai wanda janaretan bariki guda ke hannunsa, akwai wanda yake kwance injin motar sulke ya mayar da shi ba tare da ya duba littafi ba. Asara ce babba a bar irin wannan ilimi ya ƙare a bakin get, a ƙasar da ake neman masu gyaran na'urori ruwa a jallo.

Shi ya sa a wannan mako za mu duba yadda ake taimaka wa 'yan mazan jiya su koma ayyukan kimiyya da fasaha. Za mu fara da Amurka, domin su sun fi shekara 80 suna wannan aiki, sun yi nasara a wasu wurare, sun yi tuntuɓe a wasu. Daga nan mu dawo gida.

Yaƙi ɗaya, sakamako biyu

A Yaƙin Duniya na Biyu, Amurkawa kimanin miliyan 16 ne suka sa kaki. Tun kafin a gama yaƙin hankalin mahukunta ya tashi: ina za a kai waɗannan mutane in sun dawo? Ba su manta da abin da ya faru a 1932 ba, lokacin da dubban sojojin Yaƙin Duniya na Farko suka yi zaman dirshan a birnin Washington suna neman haƙƙinsu, har sai da aka sa sojoji suka kore su da ƙarfi. Don kada a maimaita, ranar 22 ga Yunin 1944 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a kan dokar da aka fi sani da G.I. Bill. Dokar ta ce gwamnati za ta biya wa tsohon soja kuɗin makaranta har dala 500 a shekara, ta kuma ba shi kuɗin ciyar da kai duk wata muddin yana karatu.

Sakamakon ya wuce yadda aka zata. A 1947, kashi 49 cikin 100 na waɗanda aka ɗauka a manyan makarantun ƙasar tsofaffin sojoji ne. Zuwa 1956, lokacin da aka rufe kashin farko na shirin, mutum miliyan 7 da dubu 800 sun yi karatu ko koyon sana'a a ƙarƙashinsa, miliyan 2 da dubu 200 daga ciki a jami'o'i da kwalejoji. Ana ƙiyasta cewa ya samar da injiniyoyi 450,000 da masana kimiyya 91,000. Da yawansu 'ya'yan manoma ne da leburori, waɗanda da can ko a mafarki ba su taɓa ganin kansu a jami'a ba.

Dokar ba ta yi wa kowa adalci ba, wannan ma ya kamata ɗalibi ya sani. Baƙaƙen fata da suka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da farare sun dawo sun tarar yawancin jami'o'in kudancin ƙasar ba sa ɗaukar baƙi. 'Yan kwalejojin da aka ware musu suka cika suka batse, aka mayar da dubbai gida. Kyakkyawar doka a takarda ba ta isa ba, sai an duba hannun da ke rabon.

Yanzu mu dubi namu ɓangaren na wannan yaƙi. Kakanninmu ma sun je. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a dazuzzukan Burma, kuma Hausa ce harshen bariki a tsakanin sojojin Najeriya da na arewacin ƙasar da yanzu ake kira Ghana. A can da yawansu suka koyi tuƙi, da kanikanci, da aikin sadarwa, da jinya. Suka dawo ɗauke da alƙawuran fansho da aikin yi, amma babu wata doka mai kama da ta Amurka da ta tare su. Ranar 28 ga Fabrairun 1948, tsofaffin sojoji a birnin Accra suka ɗauki takardar kokensu suka nufi fadar gwamnan mulkin mallaka. 'Yan sanda suka tare su a mararraba aka buɗe wuta, aka kashe uku: Saje Adjetey, da Kofur Attipoe, da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka gaggauta 'yancin Ghana a 1957.

Yaƙi guda aka yi. Wasu suka dawo aka buɗe musu aji, wasu suka dawo aka tare su da bindiga. Abin da ƙasa ta yi da tsofaffin sojojinta shi take girba, alheri ko akasinsa.

Soja bai zo hannu rabbana ba

Kuskuren da mutane ke yi shi ne ɗaukar tsohon soja a matsayin wanda bai san komai ba sai faretin safe da harbi. Rundunar soja ta zamani tana tafiya ne a kan na'urori. Intanet ɗin da kuke amfani da ita ta samo asali ne daga wani aikin haɗa kwamfutoci da ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki nauyi a 1969. Taswirar da ke cikin wayarku, wadda ke nuna muku hanya, tana dogara da taurarin ɗan'adam na GPS waɗanda sojojin ƙasar suka fara harbawa a 1978. Duk inda akwai irin waɗannan kaya, akwai ƙananan sojoji da ke kula da su dare da rana.

Ku ɗauki Percy Spencer. Maraya ne, ya bar makaranta yana ɗan shekara 12 ya kama aiki a wata masana'anta. Yana ɗan 18 ya shiga sojan ruwa, aka sa shi ɓangaren rediyo. A lokacin gadin dare yake buɗe littattafai yana koya wa kansa lissafi da fizis da kemistiri. Bayan ya bar soja ya shiga kamfanin Raytheon, ya zama gwani wajen ƙera wani kwalbar lantarki da ake sa wa na'urar rada mai hango jiragen sama. A 1945 yana tsaye kusa da irin wannan na'ura sai ya lura cakulan da ke aljihunsa ta narke. Wani da sai ya yi tsaki ya goge wando. Shi kuwa ya tsaya ya tambayi dalili, kuma daga nan aka sami na'urar ɗumama abinci ta maikurowef.

Ga kuma Douglas Engelbart, wanda ya katse karatunsa ya yi aikin gyaran rada a sojan ruwa a ƙasar Filifin. Da ya dawo ya kammala digirinsa na injiniyan lantarki a 1948, ya yi digirin digirgir a 1955. A zamanin nan kwamfuta ba ta da allo, da kati mai huji ake ba ta umarni. Shi kuwa ya saba ganin rada tana nuna bayani a kan allo nan take, sai ya ce me zai hana kwamfuta ta yi haka? Ranar 9 ga Disambar 1968 a San Francisco ya nuna wa duniya linzamin kwamfuta, wanda na farkonsa da katako aka yi. Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ɗakin kwamfuta na makaranta ya riƙe aikin wannan tsohon soja a hannunsa.

A nan gida ma haka abin yake. Sojan ƙasa suna da makarantar injiniyoyi a Makurdi, da ta lantarki da kanikanci a Auchi, da ta sadarwa a Legas. Sojan ruwa suna da kwalejin injiniyoyi a Sapele, kuma a ma'aikatarsu ta Legas aka ƙera jiragen sintiri na Andoni a 2012 da Karaduwa a 2016. A cibiyoyin fasaha na sojan sama da ke Kaduna aka ƙera jirage marasa matuƙa guda biyu masu sunan Hausa, Gulma a 2013 da Tsegumi a 2018. Manyan hafsoshi ne ke tsayawa a hoto ranar ƙaddamarwa, amma walda da wayarin da ɗaure noti ƙananan sojoji ne suka yi. Su ma ranar ritayarsu tana tafe.

Abubuwa huɗu da ke tare hanya

In har ilimin yana nan, me ke hana tsohon soja samun aikin fasaha a waje? Abubuwa huɗu ne suka fi fitowa, kuma ga yadda Amurkawa suka tunkari kowanne.

Na farko takarda. Soja zai iya yin shekara 15 yana gyaran na'urorin sadarwa, amma takardun kwas-kwasan da ya yi da yaren bariki aka rubuta su. Ma'aikacin da ke ɗaukar aiki a kamfanin waya bai san ma'anarsu ba, sai ya ajiye su gefe ya ɗauki yaro mai difloma. Maganin da aka yi a Amurka shi ne wata takarda mai suna Joint Services Transcript, wadda ke jera duk horon da soja ya samu cikin harshen da jami'a ke ganewa. Wata majalisar ilimi ta ƙasar ce ke auna kwas-kwasan soja ta ce wannan ya yi daidai da darasi kaza na kwaleji. In makaranta ta amince, sai a yafe masa waɗannan darussa, ba sai ya koma ya faro daga a, ba, ta ba.

Na biyu lissafi. Wanda ya bar aji shekara goma ko ashirin, ko da hannunsa ya iya aiki, aljabara ta yi tsatsa a kansa. Kuma babu hanyar shiga injiniyanci ko ilimin kwamfuta da ba ta bi ta kan lissafi ba. Tun 1972 akwai shirin Veterans Upward Bound, wanda ke ba tsofaffin sojoji darussan share fage kyauta a lissafi da kimiyya da rubutu kafin su shiga kwaleji. Dalilin a bayyane yake: wanda aka jefa aji ɗaya na jami'a ba shiri, ya faɗi jarrabawar farko, sau da yawa ba ya komawa.

Na uku cefane. Ɗalibi ɗan shekara 18 yana da uban da zai nema. Tsohon soja shi ne uban. Ba zai zauna a aji hankali kwance ba alhali babu garin tuwo a gida. Sabuwar dokar G.I. Bill da aka zartar a 2008 tana biyan kuɗin makaranta na wata 36, da kuɗin haya duk wata, da kuɗin littattafai har dala 1,000 a shekara. Da aka lura karatun injiniyanci da na kimiyya yakan wuce wata 36, kuɗin ya ƙare ɗalibi bai gama ba, sai aka yi gyara a 2017, aka ƙara wa masu karanta waɗannan fannoni har wata 9 ko dala 30,000. Akwai kuma shirin SkillBridge na ma'aikatar tsaro, wanda ke bai wa soja damar yin kwana 180 na ƙarshen aikinsa a wani kamfani yana koyon aiki, albashinsa na soja yana shiga yadda ya saba. Kamfanin ba ya biyan ko sisi, sai dai ya gwada mutum ya ga irin aikinsa. Wasu kamfanonin ma sun buɗe nasu horon, kamar Microsoft da ya fara koya wa sojoji masu barin aiki rubuta manhaja da kula da rumbunan bayanai tun 2013.

Na huɗu rauni, na jiki da na zuci. Wanda ya rasa ƙafa a fagen daga ba zai hau turken sadarwa ba, amma zai iya zama gaban kwamfuta ya rubuta manhaja, ko ya zana taswira, ko ya yi aikin tsaron intanet. A nan fasaha ta fi yawancin sana'o'i sauƙi ga mai naƙasa. Raunin zuci kuwa ba a ganinsa. Mutum ya dawo lafiya lau a ido, amma ba ya iya barci, ƙarar fashewar taya ta sa shi ya zabura, taron jama'a ya dame shi. Wannan ciwo ne da likitoci suka sani, kuma yana da magani. Jami'o'i da dama a Amurka sun ware ofis na musamman inda tsofaffin sojoji ke haɗuwa da 'yan'uwansu da masu ba da shawara, domin wanda ya san zafin abu shi ya fi saurin gane mai fama da shi.

Akwai tuntuɓe guda da ya kamata mu yi karatun ta-natsu a kansa. Da kuɗin gwamnati ya yawaita, sai wasu makarantun kuɗi suka mayar da tsofaffin sojoji saniyar tatsa, suna talla mai daɗi, suna ba da takardun da ba su da daraja a kasuwar aiki. Ɗaya daga cikin manyansu, ITT Technical Institute, ta rufe ƙofofinta kwatsam a watan Satumbar 2016, ta bar dubban ɗalibai a tsaye, cikinsu har da tsofaffin sojoji da suka riga suka ƙona watannin tallafinsu. Duk inda garatuti ya faɗo, masu jiran sa ba sa nisa.

Mu nan gida fa?

Ba daga sifili za mu fara ba. A Oshodi ta Legas akwai cibiyar da ke shirya sojoji komawa rayuwar farar hula, inda masu shirin ritaya ke yin wata shida suna koyon sana'o'i irin su noma da kiwo, da kafinta, da walda, da aikin kwamfuta. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna, tana da tsarin gwada mutum a kan abin da ya riga ya iya a ba shi takardar shaida, ko da bai koye shi a aji ba, kuma an gwada tsarin da masu sana'a na kasuwar Panteka. Ma'aikatar ƙwadago tana ba da takardar gwajin sana'a mataki uku. Majalisar COREN ba injiniyoyi masu digiri kaɗai take yi wa rajista ba, har da masu difloma da masu aikin hannu. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana da cibiyoyi a wasu barikoki. Jami'ar sojan ƙasa da ke Biu, wadda aka kafa a 2018, da cibiyar sojan sama ta Kaduna duk suna ɗaukar farar hula. A 2023 kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan 3 a fasahar zamani.

Aikin ma yana jira. Garuruwa da ƙauyuka suna komawa lantarkin sola, kuma batir da inbata suna bukatar mai kula da su. Kowane turken sadarwa yana da janareta da na'urorin da ke son gyara. Asibitocinmu cike suke da injinan da aka jingine saboda ƙaramar matsala. Tun 2022 kamfanin Zipline yake kai magunguna da jirage marasa matuƙa a Jihar Kaduna. Ga famfunan ban-ruwa, ga gyaran jiragen sama da ake koyarwa a kwalejin Zariya. Duk waɗannan ayyuka ne da ke son mutum mai kiyaye lokaci, mai bin ƙa'ida daki-daki, wanda ba ya rikicewa in abu ya lalace da tsakar dare. Bariki kuwa irin waɗannan take yayewa.

Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan guntaye su zama hanya guda da soja zai bi. A ganinmu abu uku ne za su fi amfani. A zauna tsakanin rundunoni da NBTE da hukumar jami'o'i a auna kowane kwas na fasaha da ake yi a makarantun soja, a faɗi matsayinsa a waje, yadda soja zai fita da takardar da kowane kamfani zai gane. A fara shirin ritaya shekara biyu ko uku kafin ranar, domin wata shida zai isa a koyi kiwon kaji, amma ba zai isa a farfaɗo da lissafin da ya kwanta shekara 20 ba. Sannan a bar masu sana'ar fasaha su yi watanninsu na ƙarshe a kamfanonin waya da na lantarki da asibitoci, albashinsu yana tafiya. Wannan na ƙarshen ba ya bukatar sabon gini ko sabuwar hukuma, sa hannu kawai yake so.

Ɗalibi, ina rabonka a nan?

Wata ƙila ka ce wannan magana ce ta manya. Naka rabon yana ciki, kuma ya kasu gida huɗu.

In kana da burin shiga soja, kada ka yar da lissafi da fizis da kemistiri kana cewa ai ƙarfi ake nema. Mafi ƙarancin sakamakon da ake karɓa zai iya shigar da kai, amma ba shi zai kai ka ɓangaren sadarwa ko injiniyoyi ko lafiya ba. In kana kwalejin fasaha, ka dage ka sami takardar NABTEB da ta gwajin sana'a, ka shiga a matsayin mai sana'a. In Allah Ya sa ka shiga, ka adana kowace takardar kwas da aka ba ka, ka riƙa rubuta irin injinan da ka yi aiki a kansu da shekarun da ka yi. Ka yi amfani da lokacin hutu ka ƙara karatu, ko da darasi ɗaya ne a zango. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In kuma mahaifinka, ko yayanka, ko kawunka soja ne da ritaya ta matso, to kai ne malamin da ya fi kusa da shi. Kai ka san yadda ake buɗe adireshin imel, da cika fom a intanet, da rubuta takardar bayanin kai ta neman aiki. Littafin lissafinka na babbar sakandare shi ne daidai abin da yake bukata don bita. Sai dai a bi da ladabi. Kada ka ce masa, "Baba, ba ka iya ba." Ka ce, "Baba, ku nuna mini yadda kuke gano matsalar janareta, ni kuma in nuna muku yadda ake lissafin a takarda." Za ka sha mamakin abin da kai ma za ka ƙaru da shi. Kuma kafin ya zuba garatutinsa a wata makaranta ko cibiyar horo, ka taya shi bincika ko hukumar NBTE ko ta jami'o'i ta amince da ita. In ka lura ba ya barci, ko yana yawan firgita da fushi ba dalili, ka yi magana da babba a gida a nemi likita. Akwai asibitin sojoji na 44 a Kaduna, akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware. Zuwa can ba abin kunya ba ne.

Ga malamai da shugabannin ƙungiyoyin kimiyya na makarantu: a kusan kowace unguwa akwai tsohon sojan da ya yi aikin rediyo, ko lantarki, ko safiyo. Ku gayyace shi wata ranar Laraba ya nuna wa yara yadda ake karanta taswira da kamfas, ko yadda ake gano inda waya ta tsinke. Makarantu da yawa ba su da malamin da ya taɓa riƙe waɗannan kaya da hannunsa. Yara za su ƙaru, shi kuma zai ga cewa abin da ya sani yana da daraja a wajen bariki. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na ƙarshe ga waɗanda ke manyan makarantu. In ka ga dattijo mai furfura a ajinku na difloma, yana fama da lissafin da kai ka ɗauka wasa ne, kada ka yi masa dariya. Ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne mutumin da ya saba ba da umarni ya zauna a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa. Gemu ba ya hana ilimi. Ku jawo shi rukunin bitarku. Ranar da aka shiga ɗakin gwaji aka ce a haɗa waya, za ku ga wanda zai taimaki wani.

Duk ranar 15 ga Janairu ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni, a saki tantabaru, a yi wa waɗanda suka kwanta dama addu'a. Hakan daidai ne, Allah Ya jiƙansu. Amma waɗanda suka dawo da rai su ma suna da haƙƙi a kanmu, kuma babban abin da za a yi musu shi ne a buɗe musu hanyar cin gajiyar abin da suka iya.

Aikin gida na wannan mako: kowa ya nemi tsohon soja ɗaya a danginsu ko unguwarsu, ya gaishe shi da girmamawa, ya tambaye shi wace na'ura ko wane inji ya yi aiki da shi a soja, kuma wane aiki yake yi yanzu. Ku rubuta abin da kuka ji a shafi ɗaya, ba tare da sa sunansa ba sai da izininsa, ku kai wa malaminku na kimiyya ku tattauna a aji.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. A yi karatu lafiya.